Kayan Aikin da Ido ke Tsallakewa a Manhajojin Zane: Nazari a kan Ire-irensu da Amfaninsu

Duk wanda ya buɗe manhajar zane a karon farko, abubuwa uku idonsa ke fara sauka a kansu: burushi, da magogi, da bokitin zuba launi. Da yawa daga cikin masu koyo a nan suke yada zango, su shekara suna aiki da waɗannan ukun, in zane ya ƙi kyau su ɗora laifin a kan burushi, su shiga intanet farautar sababbi. Mun daɗe muna lura cewa mafi yawan wahalar da suke sha tana da magani a cikin manhajar da ke gabansu, sai dai maganin yana hannun wasu kayan aiki waɗanda ba sa ɗiga tawada da kansu, shi ya sa ba a kula su. Waɗannan kayan za mu nazarta. Mun ɗauki Krita a matsayin babban misali, domin kyauta ce, kowa na iya sauke ta ba tare da biyan kuɗi ko satar fasaha ba. Ƙungiyar KDE ce ta raine ta, an kuma fara sakinta ga jama'a a 2005. Inda ya dace za mu waiwayi Photoshop na kamfanin Adobe, da Clip Studio Paint na Celsys a Japan, da Procreate na masu iPad, da CorelDRAW wanda kusan babu shagon ɗab'i a Kano ko Kaduna da ba a aiki da shi.

Ma'anar kalmomi

Da manhajar zane muna nufin shirin kwamfuta ko na waya da aka gina domin a zana hoto da hannu tun daga farar takarda. Irin waɗannan manhajoji suna ajiye zane ta ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce hanyar fiksil, wato ɗan ƙaramin ɗigo mai kusurwa huɗu da ke ɗauke da launi guda. Haɗuwar ɗimbin ɗigon ce ke zama hoto. Shafin A4 da aka shirya don ɗab'i a kan ɗigo 300 cikin kowane inci yana da fiksil 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato kusan miliyan 8.7. Ta biyu ita ce hanyar bekta, inda ake ajiye layi a matsayin lissafi: ga inda ya fara, ga inda ya ƙare, ga yadda ya lanƙwasa. Lissafin lanƙwasar da aka fi amfani da shi yana ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniya a kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yaɗa shi a shekarun 1960, ko da yake Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ya riga shi gano hanyar a 1959. Layin bekta ba ya dushewa komai girman da aka ja shi, kuma ana iya kama shi a lanƙwasa shi bayan an zana.

Kalma ta gaba ita ce leya. Leya falle ne mai kama da gilashi, wanda ake jera wa wasu irinsa a sama da ƙasa, kowanne da abin da aka zana a kansa, mai kallo kuma ya ga duka a haɗe kamar hoto ɗaya. Yau ba ma iya tunanin zane ba tare da ita ba, amma Photoshop da ya fito a 1990 bai sami leya ba sai a sigarsa ta uku, a 1994. Abin da ya sa leya ke yiwuwa shi ne alfa. Kowane fiksil yana ɗauke da lambobi uku na ja da kore da shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255 a tsarin da aka saba, sannan da lamba ta huɗu da ke faɗin yawan yadda ɗigon ke tare abin da ke bayansa: 0 na nufin ana hango baya tar, 255 na nufin ya rufe shi ruf. Wannan lamba ta huɗu ita ce alfa. Alvy Ray Smith da Ed Catmull ne suka ƙirƙiro ta a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, sannan Thomas Porter da Tom Duff suka tsara lissafin haɗa hotuna da ita a 1984. Kalma ta ƙarshe ita ce mayafi, sunan da muka zaɓa wa hoton baƙi da fari da ake jingina wa leya: inda yake fari abin da ke kan leyar ya bayyana, inda yake baƙi ya ɓuya, ba tare da an goge komai ba.

Idan muka ce kayan aiki ɓoyayye ne, muna nufin ɗayan abu biyu: ko dai yana can ƙarƙashin jerin umarni da ba a cika buɗewa ba, ko kuma yana fili amma sunansa na Turanci bai nuna aikinsa ba. Mun kasa irin waɗannan kaya gida biyar bisa matsalar da kowanne ke warwarewa: kayan saita hannu, da kayan shinge, da kayan maimaici, da kayan komawa baya, da kayan duba.

Kayan saita hannu

Mai zane a kwamfuta yakan riƙe alƙalami na roba ya goga shi a kan allo mai santsi, sau da yawa idonsa yana wani wuri, hannunsa yana wani. Rawar da takarda ke shanyewa da kaushinta, allon yakan miƙa ta ga manhaja yadda take. Na'urar daidaita layi ita ce maganin wannan. Aikinta shi ne ta tattara wuraren da bakin alƙalami ya ratsa a ɗan lokacin da ya wuce, ta fitar da matsakaicinsu, ta ja layi a kansa. Krita tana da matakai uku na wannan banda kashe shi gaba ɗaya, kuma mafi ƙarfinsu yana sa tawada ta riƙa bin alƙalami a baya kamar akuyar da aka ja da igiya. A cikinsa akwai wani ƙaramin zaɓi na jinkiri: ana kewaye bakin alƙalami da 'yar da'ira, tawada ba ta motsawa sai hannu ya fita daga cikinta, wanda hakan ke ba mai zane damar tsayawa ya karya kwana mai kaifi. Photoshop bai sami irin wannan ba sai a ƙarshen 2017. Procreate kuma yana kiran nasa StreamLine. Ra'ayinmu shi ne a yi amfani da shi da kima. Idan aka ƙure shi, layin kowa yakan koma iri ɗaya, sumul, babu ɗan kaurin nan da sirantar da ke sa a gane hannun marubuci ko da a kan allon makaranta ne.

Akwai wani saiti da ya fi wannan ɓuya, wato lanƙwasar matsi. Alƙaluman zamani suna bambance matakan dannawa 4096 ko 8192, amma hannun mutane ba ɗaya ba ne: wani da ƙyar yake taɓa allo, wani kuma kamar zai huda shi. Lanƙwasar matsi zane ne ɗan ƙarami a cikin saitunan manhaja da ke faɗa mata yawan tawadar da za ta saki a kowane matakin dannawa. Mai sanyin hannu da ya ɗaga tsakiyarta sama zai sami cikakken kauri ba tare da ya gajiyar da wuyan hannunsa ba. Gyaran minti biyu ne, kuma yana shafar kowane burushi da ke cikin manhajar.

A wannan gida kuma mataimakan rula suke. Fasfektib ita ce ƙa'idar da ke bayyana yadda abu ke ƙanƙancewa a ido gwargwadon nisansa, da yadda layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, kamar ƙarafunan titin jirgin ƙasa, ke zama kamar za su haɗu can nesa a wuri ɗaya; Leon Battista Alberti ya rubuta ta a tsare a Italiya a 1435. A Krita mai zane yakan dasa wannan mahaɗa sau ɗaya, ya kunna bin mataimaki, daga nan duk layin da ya ja zai nufi wurin da kansa, alhali kaurin layin da saurinsa suna hannunsa. Akwai mataimakin da'ira mai siffar ƙwai domin bakin tukunya ko ƙoƙo, da na da'irori masu cibiya ɗaya domin tayar mota da ƙarfenta. Clip Studio Paint kuma yana da wani magogi na leyar bekta wanda idan aka taɓa jelar layin da ta zarce, sai ya share ta daidai zuwa inda ta gitta da wani layin, ya tsaya. Wanda ya taɓa zana tagogin bene ashirin zai san darajar wannan.

Kayan shinge

A nan ne mafi yawan lokacin mai zane ke zuba, don haka za mu ɗan zauna. Mu ɗauka an zana dattijo sanye da babbar riga shuɗiya, an shimfiɗa shuɗin a kan leyarsa, saura inuwar ninkin hannun riga da hasken da ke kan kafaɗa. Mai koyo yakan shafa inuwar, ta zarce gefen rigar, ya ɗauki magogi ya bi gefe yana sharewa, ya cinye wani ɓangare na rigar, ya sake cikawa. Hanya ta farko ta fita daga wannan ita ce kulle alfa. Da zarar an kulle ta, manhaja tana yarda a canja launin fiksil amma ta hana a canja lambarsa ta huɗu, saboda haka burushi yana kamawa inda akwai riga kawai, inda babu komai kuma ya wuce fayau. A Procreate ana kulle ta da jan leyar zuwa dama da yatsu biyu. Raunin wannan hanya shi ne inuwar tana hawa kan shuɗin kai tsaye, ta zama jiki ɗaya da shi.

Hanya ta biyu ta fi ta sarari. Ana buɗe sabuwar leya a saman ta rigar, a umarce ta da ta ari siffar abin da ke ƙarƙashinta. Inuwar tana zaune a fallenta daban, ana iya rage ƙarfinta, ko a canja launinta, ko a zubar da ita, rigar tana nan lafiya. A nan akwai bambanci da ke rikita masu ƙaura daga wata manhaja zuwa wata. A Photoshop leyar sama tana aron siffar leya guda ce, wadda aka maƙala ta a kanta. A Krita kuwa, inda abin ke da suna Inherit Alpha, wato gadon alfa, leyar tana aron siffar duk abin da ke ƙasa da ita a cikin rukuninsu. Idan babu rukuni, har da farar takardar da ke can ƙasa take gada, farar takarda kuwa ta cika shafi, sai mutum ya ga kamar abin bai yi aiki ba. Maganin shi ne a sa rigar da inuwarta a rukuni ɗaya; danna Ctrl da Shift da G yana yin wannan duka a lokaci guda. Masu CorelDRAW sun san ɗan'uwan wannan da sunan PowerClip, da shi suke cusa hoton ango da amarya cikin da'ira ko zuciya a katin gayyata, amma kaɗan ne ke tuna cewa ana iya sarrafa inuwa da haske da shi.

Sai batun bokiti. Wanda ya zuba launi a cikin layukan da ya zana, ya matso da hoton kusa, zai ga wani siririn farin zobe tsakanin layi da launi. Dalilinsa shi ne gefen layi ba ya yankewa kai tsaye daga baƙi zuwa fari. Manhaja tana jera fiksil masu ruwan toka a gefen domin kada ya yi kama da haƙoran zarto. Bokiti yana isowa ga waɗannan ɗigon ya ɗauka shinge ne, ya tsaya. Gyaran yana da kashi biyu. Na farko, kada a zuba launi a leyar layi. A buɗe wata a ƙarƙashinta, a gaya wa bokiti ya riƙa duban layin da ke sama yana zubawa a ƙasa. Procreate da Clip Studio Paint suna ba da damar a naɗa leyar layi a matsayin abin dubawa, Krita kuma tana ba bokiti zaɓin duban duka leyoyi. Na biyu, a sa zubin ya kumbura da fiksil ɗaya ko biyu, launin ya kutsa ƙarƙashin layin ya ɓuya. Zoben ya tafi ke nan.

Matsalar da ta fi ci wa masu zane tuwo a ƙwarya ita ce kafa a layi. Hannu mai rai ba ya rufe kowane layi. Akwai 'yar tazara tsakanin hular dattijon da goshinsa, bokiti kuma yana bin ta ya malale shafi duka. Clip Studio Paint yana da zaɓin toshe kafa, inda ake faɗa masa girman ramin da zai ɗauka a matsayin rufaffe. Krita kuwa, tun sigarta ta 4.0 a 2018, tana da mayafin rini, wanda sunansa a manhajar Colorize Mask. Tunaninsa ya samo asali daga wata dabara mai suna LazyBrush da Daniel Sýkora da abokan aikinsa biyu suka gabatar a 2009 domin masu fim ɗin zane. Ga yadda ake yi: a ɗiga ɗan jan layi a cikin hula, ɗan shuɗi a cikin riga, launin fata a fuska da hannu, sannan a shafa wani launi a bayan mutumin a ce masa ya zama wayam. Idan aka danna sabuntawa, kowane launi yana bazuwa daga inda aka ɗiga shi har ya ci karo da layi ko da wani launin. A bakin kafa launuka biyu ne ke haɗuwa, sai su raba wurin a tsakaninsu, babu mai malalewa. In wani lungu ya ɗauki launin da ba nasa ba, ɗigo ɗaya na launin da ya dace ya isa. Ga mai zana littafin yara mai shafi talatin ko labarin zane na jarida, wannan shi ne bambancin kwana da wuni.

Kayan maimaici

Maimaici iri uku ne a zane: na madubi, inda dama ke kwaikwayon hagu, na juyi, inda siffa ɗaya ke kewaya cibiya sau da yawa, da na jeri, inda take bin kanta a tsaye da kwance kamar zanen atamfa. Burushi mai kawuna da yawa na Krita, wanda ake kira Multibrush, yana yin na farko da na biyu da haɗinsu, kuma ibis Paint da matasa ke zane da shi a waya yana da rulolin da ke yin haka. Wannan gida ya shafe mu kai tsaye, domin adon bango na Zariya da Damagaram, da ɗinkin hula, da zayyanar allo, duk a kan maimaici aka gina su.

Sai dai akwai wani tarko da ya kamata mai son zana dagi ya sani. Kyawun ƙulli irin na dagi yana cikin saƙarsa: zare ya hau kan wani, ya shiga ƙarƙashin na gaba, ya sake hawa, ba ya hawa sau biyu a jere. Madubi yana ɓata wannan tsari. Zaren da ya hau a hagun layin madubi, hawa zai yi a damansa ma, sai a sami hawa biyu a jere, ƙullin ya koma kamar an ɗora zobba a kan juna. Juyi kuwa yana kiyaye saƙar, matuƙar cibiyar fili ce da babu zare a kanta. Saboda haka ko dai a zana dagi da maimaicin juyi, ko a fitar da gefunansa da madubi sannan a kashe madubin a yanke hawa da shiga da hannu.

Maimaicin jeri yana da nasa kayan. A da, mai son yin zanen da zai maimaitu ba tare da an ga ɗinki ba yakan gusar da hoton rabi da rabi, ya gyara tsakiya, ya mayar. Yanayin naɗe na Krita, wanda ya shigo a 2014, yana shimfiɗa kwafin shafin a kowane gefe har iya ganin ido. Furen da ya fita ta dama yana shigowa ta hagu nan take, mai zane yana kallon yadda yadin zai kasance tun yana zana shi. Photoshop ya kawo irinsa a 2020.

Kayan komawa baya

Maɓallin janye kuskure kowa ya san shi, amma iyakarsa gajeriya ce: matakai ƙidayayyu yake tunawa, kuma yana manta su da zarar an rufe fayil. Kayan wannan gida suna ajiye gyara a matsayin umarni da ake iya buɗewa ko bayan wata guda. Mayafin tacewa yana canja launi ko haske ba tare da taɓa asalin leyar ba. Mayafin sauya siffa yana juya abu ko ya ƙanƙantar da shi, fiksil ɗin asali suna nan da kaifinsu, wanda yake da muhimmanci domin hoton fiksil da aka rage aka sake faɗaɗawa ba ya dawowa yadda yake. Leyar kwafi kuma tana bin uwarta: a gyara tambari ɗaya, goma da aka warwatsa a shafi su gyaru. Photoshop ya tattara yawancin wannan a cikin abin da ya kira Smart Object tun 2005. Ga wanda ke aiki inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, muna ƙara abu biyu: ya rage tazarar adanawa ta kai tsaye a saituna, ya kuma saba da adanawa mai lamba, wadda ke ajiye sabon kwafi kowane lokaci, ta yadda fayil ɗaya in ya lalace akwai na bayansa.

Kayan duba

Wannan gida ne muka fi ba muhimmanci, domin sauran huɗun suna rage wahala ne, shi kuwa yana hana kuskure fita kasuwa. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma gaskiya ne, sai dai idon da ya yi awa biyar a kan hoto ɗaya yakan saba da shi har ya daina ganin aibinsa. Kayan duba suna canja yadda hoton ko faifan launuka ke bayyana a fuskar kwamfuta, ba sa taɓa fiksil ko ɗaya.

Na farkonsu shi ne gwajin ɗab'i. Fuskar kwamfuta tana yin launi da haske na ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa yana yin sa da tawada huɗu: sayan, wato shuɗi mai haske, da majenta, wato ja mai ruwan hoda, da ruwan ɗorawa, da baƙi. Akwai launukan da haske ke iya fitarwa tawada ba ta iyawa, musamman kore mai walƙiya da shuɗi mai zurfi da ruwan goro mai ƙuna. Mun taɓa riƙe bangon wani littafi da aka zana wa sararin sama shuɗi mai ɗaukar ido, ya dawo daga maɗaba'a ya karkata zuwa shunayya, dusu-dusu, an kuma riga an buga kwafi da yawa. Babu laifin mai inji a ciki, launin ne ba ya cikin abin da tawada ke iyawa. Danna Ctrl da Y, a Krita da Photoshop duka, yana nuna kusan yadda hoton zai fito a takarda, ƙara Shift a kai kuma yana shafa alama a kan duk inda tawada za ta gaza. Gwajin yana dogara ne da furofayil, wato ɗan fayil da ke bayyana halin injin da takardar, saboda haka ya kamata a tambayi maɗaba'a wace takarda za a yi amfani da ita tun kafin a fara zuba launi, domin takarda marar sheƙi tana shan tawada ta dusar da launi fiye da mai sheƙi.

Na biyu shi ne mayafin faifan launi. Tsarin lambobi uku da muka ambata yana ba da launuka sama da miliyan 16.7, kuma yawan nan shi ke kai mai koyo ga haɗa launukan da ba sa zama da juna. James Gurney, mai zane ɗan Amurka da ya yi Dinotopia, ya bayyana wata dabara a littafinsa na 2010 a kan launi da haske: a ɗora siffa, misali mai kusurwa uku, a kan faifan launuka, a hana kai ɗaukar abin da ke wajenta. Krita ta mayar da wannan kayan aiki a 2019. Hoton da aka yi a cikin irin wannan iyaka yakan fito kamar rana ɗaya ce ta haska komai da ke cikinsa, kamar yadda hazon hunturu ke haɗa kan launukan gari duka.

Na uku shi ne duban toka, kuma a nan akwai wurin da ya kamata a yi hattara. Nauyin launi shi ne matsayinsa tsakanin haske da duhu idan aka cire masa rini. Shi ne ke sa a gane siffa daga nesa. Jan rubutu a kan kore na iya ɓacewa duk da bambancin launinsu idan nauyinsu ɗaya ne. Ana gwada wannan da ɗora leyar tacewa a can sama wadda ke mayar da komai toka, a kunna ta a kashe. Amma hanyoyin mayarwa ba ɗaya ba ne. Hanyar da ke ɗaukar tsakiyar lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta tana ba tsantsar ruwan ɗorawa da tsantsar shuɗi toka iri ɗaya, alhali ido yana ganin ruwan ɗorawa da kusan kashi 93 cikin 100 na hasken fari, shuɗi kuwa da kusan kashi 7 kawai. A ma'aunin BT.709, kore yana ɗauke da kashi 71.5 na haske, ja 21.3, shuɗi 7.2. Krita tana jera hanyoyin a cikin tacewar cire launi, kuma wadda ke ɗauke da sunan BT.709 ita ce ta dace da duban mai zane. A haɗa wannan da 'yar ƙaramar tagar da ke nuna hoton a ƙanƙance, domin bangon littafi ko fastar fim a yau mutane sukan fara ganinsu ne a waya, ba su fi girman babban yatsa ba.

Na ƙarshe shi ne mafi tsufa da mafi arha, wato madubi. Tun Alberti da Leonardo da Vinci masu zane a Turai ke shawartar ɗalibai su duba aikinsu a madubi. Dalilin a fili yake: hannun dama yana da gefen da yake karkata, ido kuma yana yafe wa karkatar saboda ya gan ta tana tasowa kaɗan kaɗan. Da zarar an juya hoton hagu zuwa dama sai ya zama baƙo, a ga ido ɗaya ya fi ɗaya tsawo, haɓa ta zame gefe, mutumin da ake zaton yana tsaye ashe yana shirin faɗuwa. A Krita harafin M kaɗai ake dannawa, kallon ne ke juyawa, fayil ɗin yana nan yadda yake, kuma ana iya ci gaba da zane a juye. Amfaninsa yana farkon aiki, lokacin da ake zayyana ƙashin hoto, domin karkatar da aka gano bayan an gama launi da inuwa gyaranta tsada gare shi.

Muna roƙon masu koyar da zane a makarantu da shagunan kwamfuta su shigar da duban madubi a darasin makon farko, tare da burushi da magogi. Shi kuma mai karatu da ke da zane a ajiye, ya buɗe wanda ya fi alfahari da shi a daren nan, ya juya shi, ya dube shi na minti ɗaya kafin ya taɓa komai.